Yadda ake tsara ciyar da yara bayan aure ya mutu, ba tare da an dinga jan rigar juna ba

Aure kan mutu, wannan ba sabon abu ba ne, amma cikin yaro bai san an yi saki ba. Ranar da aka miƙa takarda ranar ma sai ya ci abinci, washegari sai an ba shi kuɗin keke zuwa makaranta, kuma abin da na lura da shi a garin nan namu na Kaduna shi ne mutane sukan zauna su tattauna komai, wa zai zo kwasar kayan ɗaki, wa ke bin wa bashi, firij ɗin na waye, amma maganar wa zai ciyar da yara, nawa, yaushe, ta hannun wa, sai a rufe ta da "ai 'ya'yansa ne, ba zai bari su wahala ba". Wannan maganar ce take kai mata ƙofar kotu bayan shekara biyu da yara sun rame an kore su daga makaranta. Don haka ga yadda ake bi, daki-daki, kuma da ku biyun nake, uwa da uba, domin kowannenku akwai inda yake cutar kansa in ba a tsara ba.

Da farko ku san haƙƙin waye

Kafin a fara maganar adadi sai kowa ya san matsayinsa. A shari'ar Musulunci, a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, ciyar da yaro a kan uba take, ko auren na nan ko ya mutu, ko yaron na hannunsa ko na hannun uwa, ko da uwar ta fi shi kuɗi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafi a kan wanda aka haifa wa, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Wato abu biyu ake dubawa tare, buƙatar yaro da ƙarfin uba. Namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana iya nema, mace har ta yi aure ta tare. Abin da ake nufi da ciyarwa kuma ya haɗa da abinci da sutura da wurin kwana da magani, kuma a zamanin nan ba alƙalin da zai manta da makaranta.

To kai uba, kuɗin nan ba kyauta kake wa tsohuwar matarka ba, balle ka ce ta ɓata maka rai ka riƙe na wannan watan. Ke kuma uwa, kuɗin ba ladan wahalar da kika sha a gidansa ba ne, na yaran ne, amana ce a hannunki. In kowa ya riƙe wannan rabin rigimar ta tafi.

Akwai wasu haƙƙoƙin da ake cakuɗawa da wannan, gara a ware su tun yanzu. Ciyarwar idda daban, tana ƙarewa da ƙarewar idda, in da ciki sai an haihu. Ladan shayarwa daban, matar da aka rabu da ita tana shayar da jariri tana da damar neman a biya ta, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa ƙarara, amma mata da yawa kunya ke hana su ambata. Sannan ga wani tarko babba ga wadda ta nemi khul'i, wato ta fanshi kanta a sake ta, cikin zafin rai tana so ta fita kawai sai ta ce "na yafe komai, zan riƙe yarana da kaina", a rubuta, a sa hannu. A Malikiyya irin wannan sharaɗin yana iya ɗaure ki. Kada ki furta shi sai kin yi shawara da malami ko lauya, komai gajiyar da kika yi da auren.

Ga 'yan'uwanmu da ba Musulmi ba, da yake Kaduna gari ne na kowa, wanda aka ɗaura masa auren rajista ko na coci mai takardar gwamnati maganarsa tana babbar kotun jiha ƙarƙashin dokar aure da saki ta 1970, wadda ta ba kotu ikon yanka kuɗin kula da yara har su kai shekara 21, kuma a can ana duba samun uba da na uwa duka. Auren gargajiya kuma kotun gargajiya. Sannan jihar nan tana da dokar kare yara ta 2018 wadda ta shafi kowane yaro.

Na biyu, a ina yaran za su zauna

Ba a iya yanka kuɗi ba a san inda yaro zai kwana ba. Al'adarmu ta saba da cewa da an yi saki uba ya kwashe 'ya'yansa, a bar wa uwa na goye har yaye, daga nan shi ma a zo a ɗauka a kai wa kaka ko matar uba. Wannan al'ada ce, shari'a kuwa uwa ta fara bai wa riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar tana da hankali da amana da wurin da yaro zai zauna lafiya. In ta yi aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, wato kakar yaro ta wajen uwa, daga nan a bi dangin uwa mata kafin a zo kan ɓangaren uba. Mutane da yawa ba su san wannan jerin ba, shi ya sa da an ji an ɗaura wa bazawara aure sai a turo a kwashe yara kamar dama jira ake.

Amma fa ku duba gaskiyar halin da ake ciki, ba haƙƙi kawai ba. In uwa ta koma gidan iyayenta a Rigasa ɗaki ɗaya da ƙannenta huɗu, makarantar yaran kuma tana Unguwar Rimi, to kuɗin mota kaɗai zai cinye rabin abin da za a bayar, sai a zauna a ga ko a canza makaranta ko uba ya kama mata ɗaki kusa. In kuma kun yarda yaran su zauna wajen uba, a faɗi wa zai kula da su da rana, don "suna wajena" sau da yawa ma'anarsa suna wajen amarya ko wajen tsohuwa mai ciwon ƙafa. Akwai kuma maganar ƙaura, in ɗayanku zai bar gari ya koma nesa da zama, malamai sun yi magana a kan tafiyar da ta haura kilomita 100 da ɗoriya, tana iya canza hukuncin riƙo, don haka komawa Zariya da komawa Kano ko Legas ba ɗaya ba ne, a yi maganarsa tun yanzu.

Na uku, lissafi, kuma a nan za ku ɗan daɗe

Ke uwa, ɗauki biro da littafi ki yi wata guda kina rubuta duk abin da ya fita saboda yaran. Ba ƙiyasi ba, ba "kullum ina kashe kuɗi kamar me" ba, a'a, rubutu. Koko da ƙosai na safe, kuɗin tara na makaranta, kuɗin keke zuwa da dawowa, mudu nawa na shinkafa da masara da wake suke ci a wata, manja da man gyaɗa, gas ko gawayi, sabulu da omo, man shafawa, aski da kitso, pampas da madara in akwai ƙarami, kuɗin Laraba na Islamiyya, paracetamol da maganin maleriya da ake saya a kemis ba a ma lissafa shi. Za ki sha mamakin abin da zai fito, kuma ranar zama da kin buɗe littafin nan baffan yara zai yi shiru, domin ba a musu da lamba kamar yadda ake musu da kuka.

Sai ki raba lissafin kashi uku. Akwai na kullum da na wata, su ne abinci da sabulu da kuɗin mota. Akwai na lokaci-lokaci, kuɗin makaranta sau uku a shekara, yunifom da littattafai da takalmi, kayan sallah ƙarama da babba, rigar sanyi in hunturu ya shigo, kuɗin jarrabawar WAEC da NECO in an kai wurin, kaso na kuɗin haya. Ko makarantar gwamnati yaro yake inda ba a biyan kuɗin tam, littafi da yunifom da kuɗin mota ba su faɗowa daga sama. Sai na uku, na ba-zata, rashin lafiya da kwanciya asibiti, karaya, aiki. Yawancin yarjejeniyoyin da suke rushewa a kashi na biyu da na uku suke rushewa, saboda an yanka dunƙulallen kuɗi na wata an ce "shi ke nan komai a ciki", sai watan Satumba ya zo a shiga sabon aji a fara kiran waya ana zage-zage.

Abu ɗaya kuma, ki yi adalci a lissafin. Kada ki zuba katin wayarki da ankon bikin ƙawarki a ciki, da an gano guda ɗaya an daina yarda da sauran.

Kai ma uba yi naka lissafin, abin da ke shigo maka da abin da ke kanka, iyaye, wata matar da 'ya'yanta, haya, bashi. Ka zo da gaskiya. Mutum ne zai zo zama da tsohuwar riga yana rantsuwa kasuwa ta mutu, alhali jiya aka gan shi ya kai lefe akwati shida, kuma garin nan ƙarami ne, kafin la'asar labari ya iso. Yaran da ke gidanka da waɗanda ke wajen uwarsu matsayinsu ɗaya, abin da waɗancan suka ci shi waɗannan za su ci.

Na huɗu, wane irin biya ne ya dace da ku

A nan ne zaɓin yake, kuma ya danganta da yadda uba ke samun kuɗi da kuma yadda kuka rabu.

In ma'aikaci ne mai albashi, kuɗi duk wata ya fi sauƙi, a sa rana kwana biyu ko uku bayan shigar albashi, ya je banki ya sa a dinga cirewa kai tsaye ana turawa asusun uwa ba sai an tuna masa ba. In ɗan kasuwa ne ko mai keke ko mai aikin hannu da kuɗi ke shigo masa kullum, wata guda ya yi masa nisa, kuɗin ba zai taru ba, gara a yi sati-sati, duk Juma'a misali. In manomi ne ko yana da gona a ƙauye ko yana harkar hatsi, a karɓi buhu da kaka, masara kaza shinkafa kaza wake kaza, sannan ɗan kuɗin cefane a kai.

Ni dai a ganina wanda ya fi daɗewa bai lalace ba shi ne na haɗin gambiza. Kuɗin makaranta uba ya biya kai tsaye a asusun makaranta ya turo hoton rasit, kayan abinci a yanka su da mudu ko buhu ba da naira ba, sannan a sa kuɗin hannu na wata don cefane da ƙananan abubuwa. Dalili biyu ne. Na farko yana kashe zargi, mazan da yawa abin da ke hana su bayarwa shi ne tunanin "da kuɗina za ta yi kwalliya ta auri wani", to in ya ga kuɗinsa ya tafi makaranta da buhun shinkafa sai hankalinsa ya kwanta, ko zargin nasa ba shi da tushe. Na biyu shi ne tsadar rayuwa. Duk wadda aka yanka mata, a ce, naira 20,000 a farkon 2023 kafin a cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar, ta san abin da kuɗin ya koma, man fetur ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, abinci ya bi bayansa, har gwamnati da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Mudu goma kuwa mudu goma ne ko kasuwa ta hau ko ta sauka.

Sai dai shi ma kayan abincin yana da nasa sharrin, akwai mai aiko da tsohuwar masara mai ƙwari ko ya aiko rabin abin da aka ce a baƙar leda ta hannun almajiri, don haka a faɗi adadi da irin kayan. Kuma kar a yarda da tsarin "duk abin da suke so su zo su same ni a shago". Yaro ɗan shekara tara ya tsaya bakin shago a Kasuwar Barci yana jiran babansa ya gama da kwastoma ya ba shi ɗari biyar, a gaban mutane, wani lokacin a haɗa masa da saƙon baƙar magana ya kai wa uwarsa, wannan yana kashe zuciyar yaro. Kada yaro ya zama ɗan aike tsakaninku ko kaɗan.

Maganar asibiti, in uba ma'aikacin gwamnati ne yana da inshorar lafiya, a tabbatar sunan yaran na ciki kuma katin yana hannun wanda ke riƙe da su, ba a aljihun uba yana Abuja yaro na zazzaɓi a Tudun Wada ba. In ba ma'aikaci ba ne, hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, tana da tsarin da mutum zai biya wa iyalinsa na shekara, ku je ku tambaya, ya fi a dinga neman kuɗin gado da tsakar dare.

Na biyar, ta wace hanya za a ƙulla

Hanya ta farko tsakaninku ku biyu. Tana yi in an rabu da mutunci, kuna iya gaisawa, kuma mutumin an san shi da cika alkawari tun ana tare. Wanda bai ba da kuɗin cefane ba kina ɗakinsa, kada ki sa ran zai gyaru don kin fita.

Ta biyu ta hannun manya, waliyyinki da nasa, ko limamin unguwa ko mai unguwa. Wannan ita mafi yawan mutane suke bi kuma tana da kyau don namiji yana jin kunyar manyansa. Matsalarta ɗaya, manya sun fi son a rabu lafiya a shafa fatiha fiye da a faɗi lamba. Za ki ji an ce "Malam wane, ka ji tsoron Allah ka dinga yi musu abin da ya sawwaƙa", shi kuma ya ce "in sha Allahu Baba, ba za a ji kanmu ba", a tashi. Ba a yi komai ba ke nan. Ki samu wani cikin 'yan'uwanki, yayanki ko kawunki, wanda ba ya jin nauyin magana, ya ce "Allah gafarta Malam, a taimaka a faɗi nawa ne abin da ya sawwaƙan, kuma ran nawa ga wata, a rubuta". Za a ɗan ji ba daɗi na minti biyar, ya fi shekara biyar ana bin mutum.

Ta uku ofishin walwalar jama'a, akwai shi a sakatariyar ƙananan hukumomi da kuma ma'aikatar jiha mai kula da mata da yara, suna kiran uba su zaunar da ku a rubuta yarjejeniya, wani lokaci ma ta ofishin ake ajiye kuɗin a zo a karɓa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar Legal Aid mai taimaka wa marasa hali da lauya da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam duk suna da ofis a Kaduna kuma suna irin wannan sulhun, musamman ga wadda ba ta da kuɗin lauya. Ƙarfinsu bai kai na kotu ba amma takarda mai hatimin ofis tana sa mutum ya shiga taitayinsa.

Ta huɗu kotu. Mutanenmu suna ɗaukar kai uban 'ya'ya kotu kamar tsinuwa, "za ki tona wa 'ya'yanki asiri", alhali yaran da ake kora daga makaranta asirinsu ya riga ya tonu. Kuma ga wani abu da ya kamata kowace uwa ta sani, a Malikiyya ciyarwar yaro ta watannin da suka wuce tana iya faɗuwa daga kan uba, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ɗin ya yi ne da niyyar a biya shi ba sadaka ba. Ma'ana in kika yi shiru shekara uku kina haƙuri kina sayar da awara kina ciyar da su, ranar da kika je neman na baya za a tambaye ki shaida. Don haka ko dai ki je da wuri, ko ki kafa shaidu biyu tun yanzu cewa abin da kike kashewa bashi ne a kansa, kina ajiye rasit. Sannan ko sulhun da kuka yi a gida kuna iya kai shi gaban alƙali ya tabbatar da shi ya zama hukunci, ba faɗa ba jayayya, wannan a wajena shi ne mafi ƙarfi cikin duka.

Na shida, rubutun kansa

Magana zarar bunu ce, a rubuta. Ko a takardar da aka yago daga littafin makaranta ne, da Hausa ko da ajami, ba sai da Turancin lauya ba. A sa kwanan wata, sunan uba da uwa, sunan kowane yaro da shekarunsa, wajen wa za su zauna. A sa adadin kuɗi da ranar biya da lambar asusun da za a tura. A sa kayan abinci da adadinsu. A sa wa ke biyan makarantar boko da Islamiyya, kuma ba wanda zai canza wa yaro makaranta sai da sanin ɗayan, don akwai uwar da za ta kai yaro makarantar da ta fi ƙarfin uban ta turo masa takardar kuɗi, akwai kuma uban da zai cire shi daga mai kyau ya kai inda ba a karatu don ya rage kashewa. A sa yadda za a yi in ciwo ya taso da dare, misali uwa ta kai asibiti ta kira shi nan take, abin da ta kashe ya mayar cikin sati. A sa kayan sallah, a kawo kafin sati biyu don tela. A sa ranakun da yara za su je wajen ɗayan, ƙarshen mako ko hutu, wa zai ɗauko wa zai mayar, sallah ƙarama ina babba ina. A sa cewa duk shekara za a sake zama a duba adadin, ku zaɓi lokacin da ba a mantawa kamar bayan babbar sallah ko kafin komawa sabon aji. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi in da hali, kowa ya riƙe kwafi, ki ɗauki hotonsa a waya ki tura wa wani ɗan'uwanki don takarda tana ɓata.

Takardun yara ma a faɗi inda za su zauna, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, lambar NIN, sakamakon makaranta. Na asali wajen mai riƙo, kwafi wajen ɗayan.

Na bakwai, yadda kuɗin zai dinga tafiya

Ta banki ko OPay ko Moniepoint, duk wanda ya sawwaƙa, a rubuta a wajen bayani "ciyarwar yara watan kaza". Wannan kariya ce gare ka kai uba fiye da kowa, don ranar da aka ce ba ka taɓa bayarwa ba sai ka buɗe waya kawai. In dole sai kuɗin hannu, a samu mutum ɗaya tsayayye da kowa ya yarda da shi da ɗan littafi ana sa hannu. In uwa ta yi sabon aure, ko kai amaryarka ba ta son ganin sunan tsohuwar mata a alat, a mayar da turawar asusun kaka ko kawun yara, magana ta ƙare, ba sai an tada wata fitinar ba.

Kuma kar a haɗa ganin yara da kuɗi. "Ba ka biya ba, ba za ka gan su ba" da "ba ki turo su ba, ba zan biya ba" duk yaron ne ke biyan tarar.

In ya daina biya fa

Wata na farko a yi uzuri a tambaya, ta saƙon waya mai ladabi wanda za ki iya nuna wa kowa ba ki ji kunya ba, ba habaici a status ba. In aiki ya rasa ko kasuwa ta karye da gaske, a rage na ɗan lokaci a rubuta zuwa yaushe, shari'a ba ta ɗora wa wanda ba shi da shi, kuma kai uba kai ya kamata ka fara zuwa ka faɗa kafin a neme ka, kashe waya shi ne yake mayar da uzuri laifi. Wata na biyu a koma wajen shaidun da suka sa hannu. In an kai na uku ba labari, kotu.

Ki je kotun shari'a da ke yankinku, irin ta Magajin Gari ko ta Rigasa ko wadda ta fi kusa da inda yake zaune, ki nemi rajistara ki ce kin zo shigar da ƙarar ciyar da yara. Za ki biya kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, ki karɓi rasit na duk abin da kika biya. Ki san adireshinsa na gida ko na wajen aiki sosai don sammacin da bai isa hannu ba shi ke sa shari'a ta yi ta jan ƙafa. Ki riƙo takardar saki, takardar yarjejeniya, littafin lissafinki, rasit na makaranta da asibiti, hotunan alat na watannin da ya biya da inda ya tsaya, da shaidunki. Lauya ba dole ba ne a wannan kotun, kina iya magana da bakinki ko ki wakilta waliyyinki. Sau da yawa alƙali zai fara tura ku sulhu, ki yarda, amma ki roƙi a dawo a karanta abin da aka cimma a gabansa ya shiga cikin hukunci. A gaban alƙali ki tsaya kan yara da lamba, tarihin abin da uwarsa ta yi miki shekara bakwai da suka wuce ba zai ƙara ko sisi ba. In an yanke, ki nemi kwafin hukuncin a rubuce, kuma in kin san halinsa ki roƙi a dinga biya ta hannun kotu. Wanda bai gamsu ba cikinku yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, kuma akwai wa'adi, don haka a tambayi rajistara tun ranar. In ya sake tsayawa bayan hukunci ba sabuwar ƙara za ki buɗe ba, wannan kotun dai za ki koma da kwafin hukuncin da lissafin watannin da ake binsa, ita ke da ikon sake kiransa ta tilasta shi ya biya.